Kaskon Da Ba Ya Kamu Da Bashin Da Ba Ya Biyuwa

Bara da kaka, lokacin da ake haɗa kayan ɗakin ƴar ƙanwata, ni aka ɗora wa sayen kayan girki. Na shiga Kasuwar Dole ta nan Damagaram da takarda a hannu, kuma abu na farko da amaryar ta sa aka rubuta shi ne tukwane da kasake irin waɗanda ba sa kamu, masu baƙin shafi a ciki. Na saya na kai gida, mata suka baje su a tabarma ana ta sa albarka. Goggona, wadda ta fi shekara arba'in tana tuyar masa a ƙofar gida, ta ɗauki kasko ɗaya ta shafa cikinsa da yatsa, ta juya shi, sannan ta dube ni.

"Kai da kake koya wa yara ilimin haɗe-haɗe, wannan baƙin fentin, in ya kankare ina yake zuwa?"

Na ce, "Goggo, ai ba ya narkewa a ciki. Ko an haɗiye shi, yadda ya shiga haka yake fita."

Ta ce, "To, in ya fita fa?"

Aka yi dariya, maganar ta wuce, aka shiga lissafin zannuwan gado. Ni dai dariyar ba ta kai cikina ba, domin amsar da na bayar gaskiya ce, amma ta rabin hanya. Shekara goma sha huɗu ina koyar da kimiyyar sinadarai, ina rubuta wa yara a allo cewa abu ba ya ɓata sai dai ya sauya kama, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba: wanda ya ƙi sauya kamar fa? Tambayar Goggo ta sa na shafe watanni ina karance-karance, har na gane cewa ta wuce kimiyya, ta shiga maganar haƙƙi. Shin ya dace mutum ya ƙirƙiri abin da shi kansa bai san yadda zai warware shi ba, ya sake shi cikin duniyar da ba shi kaɗai zai zauna a cikinta ba?

Inda abin ya samo asali

A watan Afrilun 1938, wani matashin masani mai suna Roy Plunkett yana aiki a ɗakin binciken kamfanin DuPont a jihar New Jersey ta Amurka, yana neman sabuwar iskar sanyaya firji. Ya buɗe tukunyar gas ɗinsa, babu abin da ya fito, alhali nauyinta na nuna a cike take. Da aka yanka ta sai aka tarar da wani farin gari mai santsi, wanda ruwa ba ya jiƙa shi, mai ba ya kama shi, ruwan batir ba ya cin sa. Shi ne daga baya aka sa wa suna Teflon. A shekarun 1950 wani injiniyan Faransa, Marc Grégoire, ya gano yadda za a manna shi a kasko, daga nan kamfanin Tefal ya samu.

Teflon ɗaya ne daga cikin wani babban dangi da ake kira PFAS, wanda hukumar kula da sinadarai ta Turai ta ƙiyasta ya kai iri dubu goma. Abin da ya haɗa su shi ne sarƙar kabon da fulorin ya lulluɓe ta. Ƙullin da ke tsakanin kabon da fulorin yana cikin mafi ƙarfi da aka sani a wannan fanni, kuma irinsa ba shi da yawa a halittun ƙasa, shi ya sa ƙananan halittun da ke ruɓar da ganye da kashin dabbobi kusan ba su san yadda za su ci shi ba. Saboda wannan taurin aka sa su a rigunan ruwa, da takardar naɗe abinci mai maiƙo, da kumfar kashe gobarar fetur, da kayan kwalliya, da robobin asibiti, da batirin wayar da ke aljihunmu. Saboda wannan taurin dai ake yi musu laƙabi da sinadaran har abada. Abin da aka yaba musu a kansa shi ne aibinsu, ba wani abu dabam ba.

A nan dole in yi adalci ga kaskon amaryarmu. Shafin da ke cikinsa, idan ba a bar shi ya ƙone a kan wuta babu komai a ciki ba, masana ba su ɗauke shi babbar barazana ga mai girki ba. Matsalar tana can baya, wurin da aka yi shi, tana kuma can gaba, wurin da za a yar da shi.

Laifin da kowa ya yarda laifi ne

Tun 1951 masana'antar DuPont da ke kusa da garin Parkersburg a jihar West Virginia take amfani da wani ɗan dangin mai suna PFOA wajen haɗa Teflon, tana sayensa daga kamfanin 3M. A 1998 wani makiyayi, Wilbur Tennant, wanda shanunsa fiye da ɗari suka mutu bayan sun sha daga rafin da ke gangarowa daga jujin kamfanin, ya nemi lauya Rob Bilott. Shari'ar ta tilasta wa kamfanin fito da takardunsa na cikin gida, aka ga ashe an daɗe da sanin cewa sinadarin yana illa ga dabbobin gwaji, yana taruwa a jinin ma'aikata, ya kuma shiga ruwan shan maƙwabta. A 1981 har an janye mata daga sashen da ake aiki da shi saboda tsoron abin da zai yi wa ɗan tayi, amma mutanen gari ba su ji labari ba. A 2005 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ci kamfanin tarar dalar Amurka miliyan 16.5 saboda ɓoye bayanai.

Daga cikin sharuɗɗan sulhu, an ɗebi jinin mutum wajen 69,000 na yankin, wasu masana uku masu zaman kansu suka yi shekaru suna nazari. Zuwa 2012 sun ce akwai alamar alaƙa mai ƙarfi tsakanin PFOA da cututtuka shida, ciki har da sankarar ƙoda, da sankarar maraina, da gyambon babban hanji, da hawan jinin masu juna biyu. A ƙarshen 2023 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa PFOA cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan Adam.

Wannan labari ba ya bukatar dogon nazari. Wanda ya san akwai dafi a rijiya ya yi shiru, ko yaro ya san hukuncinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: mu mun samu ƙwai da ba ya kama kasko, mutanen bakin kogin Ohio sun samu ciwon ƙoda. Amma idan muka tsaya a nan, za mu ɗauka cewa da an samu shugabannin kamfani masu gaskiya da shi ke nan. Ni ban yarda da haka ba.

Da a ce babu wanda ya yi ƙarya

Mu ƙaddara an yi duk gwajin da ake iya yi a 1951, ba a ga wata illa ba, kuma ba a ɓoye komai ba. Shin a lokacin ya halatta a riƙa zubar da abin da ba ya ruɓewa cikin kogi? Amsata ita ce a'a, kuma dalilina ba ya dogara da dafin.

Sanin ɗan Adam kullum a makare yake zuwa. Muna fara amfani da abu, sai bayan shekara ashirin ko hamsin mu gane abin da yake yi. Wannan ba abin kunya ba ne, haka aka yi mu. Abin da ke ceton mu shi ne yawancin kurakuranmu suna da ranar ƙarewa. Idan aka gano wani maganin ƙwari mai ruɓewa yana cutarwa, aka daina fesa shi, bayan ɗan lokaci ƙasa za ta wanke kanta. Dainawar ita ce gyaran. To, abin da ba ya ruɓewa ya toshe wannan ƙofa. Kamfanin 3M ya sanar da daina yin PFOS tun shekarar 2000, amma har yau ana samun sa a jinin mutane da na dabbobin da ke can ƙarshen duniya inda babu masana'anta ko ɗaya. A jikin mutum, PFOA kan ɗauki shekara biyu zuwa huɗu kafin rabinsa ya fita, kuma in ya fita, kamar yadda Goggo ta hango, komawa yake yi cikin ruwa ya jira wani. A 2022 Ian Cousins na Jami'ar Stockholm da abokan aikinsa suka nuna cewa ruwan sama, har wanda ke sauka a tsaunukan Tibet da yankin ƙanƙara na Antatika, yana ɗauke da waɗannan sinadarai.

Don mai karatu ya gane ƙanƙantar abin da ake magana a kai: a Afrilun 2024 Amurka ta sa iyakar PFOA a ruwan sha ta zama nanogiram 4 a kowace lita. Na yi wa ɗalibaina lissafin a allo. Giram ɗaya, wanda bai kai nauyin ƙwayar sukari guda ba, ya isa ya kai lita miliyan 250 ga wannan iyaka, wato duro mai cin lita 200 har guda 1,250,000. An kuwa yi shekaru ana sarrafa su da tan-tan.

A al'adarmu, kafin a kai mamaci makwancinsa ana tambaya ko akwai mai bin sa bashi, don kada ya tafi da nauyin wani. Wannan al'ada ta ginu a kan cewa mai bin bashin yana nan, zai iya ɗaga hannu. Wanda ya saki abin da ba ya ruɓewa ya ci bashin mutanen da ba a haifa ba tukuna. Ba a nemi yardarsu ba, ba su ci moriyar ba, kuma ranar da za a tambaya ba sa wurin. Ko da daga baya aka gano abin bai da illa sosai, an riga an yi caca da rijiyarsu. Wanda ya yi caca da dukiyar maraya ya ci riba, ribar ba ta wanke shi daga cin amana.

Gudun gara

Tunda haka ne, sai a nemi madadi. Nan ne binciken da ake yi yau ya shigo, nan ne kuma tarko na biyu yake.

Firjin farko-farko suna aiki ne da iska mai guba irin su amoniya, wadda in ta yi yoyo takan kashe mutane. Wajen 1930 Thomas Midgley da abokansa suka fito da CFC, iska mai fulorin wadda ba ta da guba ba ta kama wuta. Midgley ya shaƙe ta a gaban taron masana, ya hura ta ya kashe kyandir, don ya nuna amincinta. Bai yi ƙarya ba. Sai a 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland suka nuna cewa saboda ba ta lalacewa a ƙasa, hawa take yi sama tana cin shimfiɗar ozon da ke tare mana mugun hasken rana. Aka yi yarjejeniyar Montreal a 1987, aka koma HFC. Ita kuma aka tarar tana ɗumama duniya ninkin-ba-ninkin hayaƙin mota, aka sake zama a Kigali a 2016 don rage ta. Wasu daga cikin sababbin da suka maye gurbinta suna wargajewa a sama cikin kwanaki, amma abin da suke bari, wani ɗan ƙaramin sinadari mai suna TFA, shi ma ba ya ruɓewa, kuma ana ganin yana ƙaruwa a ruwan sama da na rijiyoyin Turai.

Haka aka yi da PFOA. A 2009 DuPont ya fito da GenX a matsayin madadinsa, mai gajeriyar sarƙa, wanda ba ya daɗewa a jini. A 2017 mutanen Wilmington da ke jihar North Carolina suka wayi gari da labarin cewa yana cikin kogin Cape Fear da suke sha. Gajartar sarƙar ta sa ya fi saurin bin ruwa, ya fi wuyar tacewa, kuma gwajin dabbobi ya nuna yana taɓa hanta. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Me ya sa ake ta maimaita wannan? A ganina, saboda tambayar da ake yi ce gurguwa. Ana tambaya, "Wane sinadari ne zai yi daidai abin da wannan yake yi, ba tare da mun sauya injinmu ba?" Amsar irin wannan tambaya kullum ƙanen wanda aka hana ne. Ci gaban gaske ya zo ne a inda aka koma baya aka tambaya, "Wai wane aiki muke son a yi?"

A farkon shekarun 1990, wata ƙaramar masana'anta a gabashin Jamus tare da ƙungiyar Greenpeace suka fito da firjin da ke aiki da iskar dangin gas ɗin girki, babu fulorin ko kaɗan. Manyan kamfanoni suka ce zai yi gobara. Yau duk mai gyaran firji a Yamai ko Maraɗi ya san R600a, kuma yawancin sababbin firjin gida da ita suke aiki. A 2015 wani rukunin kantuna a Denmark ya kwashe gugguru daga kantunansa har sai an samo jakar da ba ta da PFAS, aka kuwa samo cikin watanni. A 2020 ƙasar ta hana PFAS a takardun naɗe abinci baki ɗaya. Manyan filayen jiragen saman Ostireliya sun koma kumfar kashe gobara marar fulorin tun 2010, kuma a farkon 2023 ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar da ƙa'idar irin wannan kumfa don sansanoninta. A wajen tufafi, ana amfani da kakin zuma da dangoginsa da silikon don hana ruwa shiga. Wasu masu binciken kuma suna kwaikwayon abin da duk wanda ya taɓa ganin ganyen gwaza da safe ya sani: raɓa na taruwa a kansa kamar duwatsun wuya ta gangare, saboda ƙananan tudun da ke fatar ganyen da ɗan kakin da ya rufe su. Siffa ce ke yin aikin, kuma ganyen in ya faɗi ruɓewa yake yi.

Tandar Goggo ma tana cikin wannan sahu. Man da ake shafa mata ana ɗorawa a wuta shekara da shekaru ya daskare ya zama shafi mai santsi, masa na tashi da tsinke ɗaya. Ban kawo wannan don in ce komai na da ya fi na yanzu ba. Na kawo shi ne don a ga cewa wani lokaci aikin da ake nema yana da hanya fiye da ɗaya.

Inda maganata ke tangal-tangal

Zan yi rashin gaskiya idan na nuna kamar hanyar a share take. Kakin zuma da silikon suna korar ruwa, amma ba sa korar mai yadda fulorin ke yi. Ga mai rigar ruwa wannan ba komai ba ne, ga ma'aikacin matatar mai ko ɗan kwana-kwana kuwa magana ce ta rai. Akwai jijiyoyin roba da ake dasa wa masu ciwon zuciya, da kayan haɗa ƙwaƙwalwar kwamfuta, da mannin da ke riƙe cikin batirin litiyom, irin wanda muke sa rai zai adana mana hasken rana. A wasunsu ana gwada madadi daga ɓawon itace da ciyawar teku, a wasu kuwa har yanzu ana lalube.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai daga ƙasar Papua New Guinea ya fito. Masu bincike a can sun ba da rahoto a 2020 cewa gidajen sauro masu magani da aka yi bayan 2012 ba sa kashe sauro kamar na da, a daidai lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya dawo da ƙarfi a ƙasar. Binciken da ya biyo baya ya danganta raunin da sauya shafin da ke riƙe maganin a jikin zaren, daga mai fulorin zuwa marar shi. Kamfanin da ya yi su ya ce kayansa sun cika ƙa'ida. Ko yaya gardamar ta ƙare, ni da na taɓa kwana a asibiti da yaro yana fizge-fizge cikin watan Agusta ba zan iya karanta wannan da sanyin rai ba. Idan kare jikan da ba a haifa ba zai jawo a rasa ɗan da ke goye yau, to, ba a yi adalci ba, an dai sauya wanda za a zalunta.

Akwai kuma masu cin abinci da sana'ar. Lokacin da majalisar Faransa ke muhawara kan dokar hana PFAS a Afrilun 2024, ma'aikatan kamfanin da ke yin Tefal sun fito a Paris suna buga kasake, suna tsoron rasa aikinsu. Aka cire kayan girki daga dokar. Wadda aka zartar a Fabrairun 2025 ta tsaya ga kayan kwalliya, da tufafi, da man shafa wa katakon wasan ƙanƙara. Yana da sauƙi in zauna a Damagaram in ce sun yi son kai, amma albashina bai rataya a kan kasko ba.

Masana sun ba da wata hanyar rarrabewa da na ga tana da ma'ana, wadda suka aro daga yarjejeniyar Montreal. A kasa amfanin gida uku: wanda ba dole ba ne, kamar jan bakin da ba ya gogewa, a daina shi yanzu, wanda ake bukata amma akwai madadi, a koma ga madadin, wanda rai ko lafiya ta dogara da shi kuma babu madadi, a ci gaba da shi a tsare, ana neman mafita. Abin da zan ƙara shi ne biyu. Na farko, lalura rance ce mai wa'adi. Wanda ya ce ba shi da madadi, a tambaye shi nawa ya kashe bara wajen nema, don kada "babu madadi" ta zama matashin da ake barci a kai. Na biyu, a duba wa ke yanke hukuncin abin da yake dole. Abin da mutumin Stockholm zai iya rayuwa ba tare da shi ba, mai yiwuwa shi ne ke tsakanin uwa a Mirya da makabarta. Dole a gwada madadi ta fuska biyu kafin a sake shi: ba ya dawwama, kuma yana yin aikin.

Abin da ya ba ni ƙwarin guiwa shi ne yadda wasu suka juya ga neman makullin ƙullin kansa. A da, hanyar da aka sani ita ce ƙonawa da zafin da ya haura digiri 1,000. A 2022 Brittany Trang da William Dichtel na Jami'ar Northwestern suka nuna cewa soda irin ta yin sabulu, cikin wani ruwan narkarwa da aka saba da shi, tana iya wargaza PFOA da GenX a zafin digiri 80 zuwa 120, ko da yake ba ta cin PFOS. A 2025 ƙungiyar Véronique Gouverneur a Oxford ta nuna yadda za a niƙe PFAS da wani gishiri a ƙwato fulorin ɗin a sake aiki da shi. Waɗannan duk suna matakin ɗakin gwaji, kuma suna aiki ne a kan abin da aka tara wuri ɗaya. Wanda ya riga ya bi ruwan sama babu mai tattaro shi. Sai dai ka lura da tazarar: an ƙulla a 1938, ana neman hanyar kwancewa mai sauƙi bayan shekara tamanin da ɗoriya. Ƙa'idar da nake ganin ta dace da duk mai ƙirƙira ita ce a juya wannan tsari, kada a saki abu sai an san yadda zai ƙare.

Mu kuma fa?

Wani zai ce wannan damuwar masu ƙoshi ce, mu da muke neman ruwan ma ko wane iri ne. Na fahimci mai wannan magana. Amma ruwan sama ba ya neman biza, kuma mun san inda kayan da aka hana a Turai suke bi idan an rufe musu ƙofa. Fetur mai dalma ya ci gaba da yawo a ƙasashenmu shekaru bayan masu yin sa sun daina shaƙar sa. Dilolin gwanjo da tsofaffin firji ta gabar tekun yammacin Afirka suke shigo mana. Ƙasashenmu duk suna cikin yarjejeniyar Stockholm, wadda ta sa PFOS a jerinta a 2009, PFOA kuma a 2019, amma sa hannu dabam, samun na'urar da za ta auna nanogiram a ruwan rijiya dabam. Mu da muke da tsibin sharar yuraniyom a Arlit da Akokan, inda aka rufe mahaƙa ɗaya a 2021 aka bar abin da zai fi jikokinmu tsawon rai, bai kamata a yi mana dogon bayani kan gadon da ba a roƙa ba.

Saura in faɗi abin da na yi da kayan amarya, tunda na cika baki da maganar amana. Ban mayar da su ba. Na yi tunanin idon dangin miji ranar jere, na yi tunanin fuskar yarinyar, na kasa. Abin da na iya shi ne na zaunar da ita na ce kada ta bar kaskon a wuta babu komai, kada ta kankare shi da cokalin ƙarfe, in ya fara ɓarewa kada ta jefa shi a wutar bola. Ta ce, "To Kawu, in kai shi ina?" Na yi shiru, don a duk garin nan ban san wurin da zan ce ta kai shi ba.

Ranar da za a kai ta, Goggo ta aiko da ƙaramar tanda cikin tsumma, ɗaya daga cikin nata, ta yi baƙi ƙirin don tsufa. Ƙawayen amarya suka tura ta ƙarƙashin gado don kada ta ɓata jere. Da na je gaishe su bayan salla, na tarar da ita a tsakar gida a kan murhu, kasaken kuwa suna cikin kabad suna ƙyalli. Na tambayi dalili, ta ce masar ta fi tashi a ta Goggo. Ban ɗauki wannan a matsayin nasara ba, domin kasaken an riga an yi su, an riga an biya kuɗinsu a wani kogin da ban sani ba, kuma ni na saya. A bana dai na ƙara wa ɗaliban ajin ƙarshe darasi guda da ba ya cikin manhaja. Duk sinadarin da muka rubuta yadda ake haɗa shi, sai mun tsaya mun yi tambayar Goggo kafin mu goge allo.